Wayar da Na Hana a Share

Ba ni da karatun boko, na allo ma ban wuce abin yin sallah ba. Abin da na iya a duniya shi ne kiwon awaki da cinikinsu. In ka kawo mini akuya, kafin ka gama sallama na san ko ta taɓa haihuwa, na san ko an ɗura mata ruwan kanwa don cikinta ya tashi. Wannan sanin na ɗauka na kai kasuwar waya. Ya yi mini rabin aiki, ya bar rabi. Rabin da ya bari shi ya kwantar da mijin ɗiyata kwana tara bayan ƙofar da ba shi ke riƙe da makullinta ba.

A Wurno nake, nan anka haife ni, nan na binne mijina. Autata aure ya kai ta wani ƙauye bayan Gandi, can ƙasar Rabah. Da can ba nisa ba ne. Ka shiga mota ka sauka, ka shiga wata, kafin azahar kana shan furarta. Mijinta manomi ne, gero da dawa da wake, mutum mai kunya ƙwarai. Tun da anka ɗaura auren bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa sosai ba. In ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa bakin ƙofa, ina amsawa ta bayan asabari. Haka munka taras ana yi tsakanin suruki da surukuwa, haka munka riƙe.

Sai hanya ta lalace. 'Yan bindiga sunka shiga ƙauyensu sau ɗaya, Allah ya tsare rayukan gidan, sun samu sun faɗa cikin dawa. Da sunka dawo, ba tumaki, ba babur, ba 'yar wayar da muke gaisawa da ita. Maƙwabciyata tana da waya, ba ta taɓa hana ni ba, amma wa zan kira? Wata huɗu ban ji muryar ɗiyata ba, ga ta da ciki. Labarinta sai a bakin direbobi. Wani ya ce lafiya lau take, wani ya ce bai san gidan ba. Na gaji da tsayuwa a tasha ina tambayar mutanen da ke sauri.

Ina da wata jar akuya da na raina tun tana shan nono. Ranar kasuwar Achida na ɗaura mata igiya.

Dillalin da nake kai wa dabba a Achida taubashina ne, ɗan kawuna, tsoho kamar ni. Mun fi shekara hamsin muna zagin juna, ba wanda ya gaji. Yana hango ni ya daki ƙasa da sandarsa.

"Baiwata, wace tsohuwar kinka kawo in sayar, ke ko akuyar?"

Na ce masa akuyar ta fi shi haƙora, ya duba bakinta ya ji kunya. Ya sayar mini da ita da daraja, ban yi ƙorafi ba. Da na ƙulle kuɗin a bakin zane, na ce ya taso ya raka ni rumfar masu waya. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi dillalin awaki ne, waya ba ta da haƙora ba ta da hantsa, mi zai duba? Na ce masa tun da nake ban taɓa sayen abu mai rai ba dillali ba, kuma abin da ke magana ba zan kira shi matacce ba. Ya ce Allah ya haɗa shi da wahala, ya ɗauki sandarsa.

Sababbi na cikin kwali, kuɗin akuyata bai kai gindinsu ba. Akwai masu rumfa da ke sayar da gyararru, waɗanda sunka sha hannu anka sake musu gilashi da batir da sabuwar riga, su ma sun ɗan fi ƙarfina. Can gindin wata bishiya munka ga wani mutum ya shimfiɗa buhu, ya jera nasa a kai. Ba shi da rumfa, kasuwa-kasuwa yake bi. Nasa sun fi sauƙi. Na zaɓi wata ƙarama baƙa mai tocila.

Ba zan ce ban duba ba. Na duba fiye da yadda masu boko ke dubawa. Na sa ya buɗe bayanta, taubashina ya ciro batirin ya aza bisa tafin hannunsa, ya ce wannan bai kumbura ba, ba a ba shi kanwa ba. Na sa anka kai ta wurin mai caji, munka tsaya har munka ga tana sha. Na danna kowane maɓalli da kaina. Na kunna tocilar cikin mayafina. Taubashina kuwa ya yi abin da yake yi wa duk baƙon da ya kawo dabba: ya tambaye shi ɗan wane gari ne, ɗan wane gida. Mutumin ya ce daga Goronyo yake, ya faɗi sunan mahaifinsa, wani masunci. Taubashina ya ce ya san uban, sun taɓa cinikin rago.

Saura a ji murya. Mai wayar ya sa layinsa ciki, ya karɓi ta mai caji ya kira. Ina jiran irin kukan da wayoyi ke yi, sai na ji muryar yarinya ƙarama tana karatun allo, wata sura daga cikin gajeru. Murya siririya, irin ta wadda haƙoranta na gaba sunka fita. Ta yi aya biyu, mai wayar ya katse.

Ya ce kayan mai ita na da ne sunka rage ciki, in ba shi ɗan lokaci ya wanke ta tas, ta koma kamar ba a taɓa riƙe ta ba. Na tambaya ko har da karatun. Ya ce har da shi.

"A'a," na ce. "Ba da kuɗina za a share ayar Allah ba. Bar ta yadda take."

A raina har murna nake. Na ce waya mai kira da karatu za ta shiga gidan mai ciki, ai albarka ce. Taubashina ma ya gyaɗa kai. Mutumin ya ce ba shi da rasit irin na masu rumfa, amma in ina so zai samo takarda ya rubuta mini lambar jikin wayar da sunansa. Na ce mi zan yi da takarda, ni da ba na karantawa? Ga shaidata nan tsaye da sanda. Taubashina ya kama hannun mutumin, ya yi addu'ar albarka kamar yadda yake yi a kan dabba. Na ba shi la'adarsa. Ya ce yau ya ci la'adar abin da ba ya cin ciyawa, in je Allah ya shirye ni.

Bayan kwana uku surukina ya shigo Wurno neman irin albasa, ya biyo gaisuwa. Na naɗe wayar a tsumma na turo ta ƙarƙashin asabari, na ce a kai wa masu gida. Ya daɗe yana godiya kansa a ƙasa.

Mako biyu na sha daɗi. Kowace safiya in na gama abin da nake, in shiga gidan maƙwabciyata ta danna mini, in ji ɗiyata. Ba wata magana muke ba. Mi kinka ci, kumburin ƙafar ya sabe, kada ki ɗauki tulu. Wata rana na kira da hantsi ban samu ba, sai na koma bayan azahar. Ban san ranar kasuwar Gandi ce ba, ban san mijinta ya tafi da wayar a aljihu zai sayar da wake ba. Anka ɗauka, ban ji sallama ba. Hayaniya na ji, da wani namiji yana tambaya da ƙarfi, ina ka samo ta, ina ka samo ta. Sai wayar ta mutu.

Kafin la'asar ta yi sanyi wani direba ya kawo mini sauran. Ashe da wayar ta yi kira a tsakiyar 'yan hatsi, wani mai awo ya saki kwanonsa. Muryar ɗiyar ƙanensa ce. Ƙanen nan 'yan bindiga sun tare shi a hanyar Rabah tun farkon damina, sunka tafi da shi da babur da wayar. Sau ɗaya anka kira gida da ita, daga nan ba a sake jin komai ba. Mutane sunka taru kan surukina. Kowa ya san abin da ake yi wa wanda anka ce yana kai wa mutanen daji rahoto. Dattawan kasuwa ne sunka tura shi cikin wani shago sunka rufe, har hukuma ta zo ta wuce da shi Rabah. Direban ya ce da ba su rufe shagon ba, da wata maganar yake kawo mini.

Ya ƙara da abin da ya fi tsaya mini. An tambayi surukina inda ya samo wayar, ya ce ba shi anka yi. An ce wa ya ba ka, ya yi shiru. Sau nawa ana tambaya, shiru. Ba zai buɗe baki ya ambaci uwar matarsa a gaban hukuma ba. Su kuwa shirun nan sunka ɗauka ɓoyo ne.

Da safe na shiga motar Rabah. Na samu ofishin hukumar, na faɗi abin da na sani. Wanda ya saurare ni bai wulaƙanta ni ba, har kujera ya ba ni. Amma ya ce, Inna, kowace uwa za ta zo ta faɗi haka don mijin ɗiyarta, ina takardar sayen? Na ce babu. Ina rumfar mai sayarwar? Na ce buhu ne gindin bishiya. Ya aje biro. Ya ce in kawo mutumin, ko in kawo abin da zai kai su gare shi, in ba haka ba maganar za ta wuce gaba, ta fi ƙarfinsa.

Na juyo Achida. Ba ranar kasuwa ba ce, gindin bishiyar ba kowa sai awaki kwance. Na samu taubashina a gida yana cin goro. Ya buɗe baki zai fara, ya dubi fuskata, ya rufe. Tun da muke ban taɓa ganin ya fasa zagina ba sai ranar. Na gaya masa. Ya ce hannun da ya haɗa, shi ke da alhakin kwance shi, haka dillanci yake ko a kan kaza ne. Amma ƙafarsa ta kumbura a lokacin, sai da munka jira kwana biyu ya iya taka ta. Kwana biyun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ɗiyata ta aiko a ce mini ba ta ga laifina ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Munka tafi Goronyo ranar kasuwa, tsofaffi biyu a bayan motar albasa. Munka zaga 'yan waya kaf, ba shi. Wani ya ce ya tafi wata kasuwa, wani ya ce bai san mai wannan kama ba. Da ni kaɗai ce, nan maganar ta ƙare. Taubashina ya ce mu bar neman ɗa, mu nemi uba. Munka gangara unguwar masunta wajen ruwa, yana tambaya gida-gida, har munka samu tsohon yana ɗinkin komar kamun kifi a ƙofar gidansa. Ya gane taubashina, ya tuna ragon. Ya saurare mu bai katse ba, allurar tana hannunsa. Ya ce ɗansa zai dawo jibi, kuma da ƙafarsa zai kai shi Rabah. Ya ce a gidansa ba a gudun shaida.

Ya cika alkawari. Rana ta tara munka haɗu duka a ofishin: ni, taubashina, masuncin da ɗansa, da mai awon nan yayan wanda anka ɗauke. Anka fito da surukina. Ya rame, rigar da ya tafi kasuwa da ita ce a jikinsa. Yana ganina ya nemi durƙusawa, ya juya fuska bango. Ba asabari a wurin. A gabansa na buɗe baki na yi magana, da muryar da bai taɓa ji ba sai ta bayan ƙofa. Na ce ni na saya, ni na ba shi, akuyata ce ta zama wagga waya. Taubashina ya ce shi ya haɗa hannu, ya faɗi ranar da gindin bishiyar. Mai wayar ya ce gaskiya ne. Ya ce cikin wata leda ya saye ta tare da wasu fasassu a hannun wani mutum a tasha, bai tambayi asalinsu ba, ya sake mata gilashi da riga. Ya ce zai gane mutumin in ya gan shi. Anka riƙe shi don wannan, daga baya na ji sun sake shi.

Mai ofishin ya sa anka kunna karatun don mai awon ya tabbatar. Ni aya biyu na taɓa ji. Ranar anka bar shi ya tafi har ƙarshe. Yarinyar ta yi ta uku, ta kai ta huɗu ta tsaya, ta rasa. Sai muryar namiji a hankali ta ɗora mata kalmar, ta maimaita, ya yi 'yar dariya ya ce madalla. Mai awon ya sa hular kansa ya rufe fuska.

Da ya sauke hular, ni ya duba. Bai ɗaga murya ba.

"Inna, da kinka ji ta, ba ki tambaya ɗiyar wa ce ba?"

Ni da in akuya ta cika waiwaye tana kuka wajen wata hanya, sai na tambayi mai igiyar daga wane gida ta fito. Na duba batir, na duba caji, na duba tocila. Ban tsaya na ce wane uba ne zai sayar da wayarsa da yardarsa ya bar muryar ɗiyarsa ciki ba.

Sun saki surukina kafin azahar. Wayar ta zauna wurinsu, daga baya anka ce an miƙa wa uwar yarinyar. Ban nemi komai ba. A tasha surukina ya tsaya nesa da ni kamar kullum, ya ce Inna Allah ya huta gajiya, na ce Allah ya kiyaye gaba. Ba mu shiga mota ɗaya ba.

Na zaci an gama. Hukuma ta wanke shi, amma ƙauye bai karanta takardar hukuma ba. In ya iso majalisa sai hira ta mutu. A masallaci wanda ke gefensa ya riƙa matsawa. Wani ya ce ai masu kai rahoton ma ana sakinsu. Ya daure har anka cire amfanin gona, sannan ya kwaso ɗiyata da yaransu ya dawo Wurno. Gonar ubansa tana can, wani ɗan'uwa ke nomawa. Shi yanzu ƙodago yake yi a fadamar albasa, mutumin da ke da rumbu uku. Bai taɓa ce mini komai ba. Yana zuwa gaisuwa, yana tuɓe takalmi a zaure kamar da. Ɗiyata a ɗakina ta haihu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu yanzu, ina jin muryarta tana faɗa da yara tun safe, ba da kuɗin kati ba. Abin da na sayar da akuya don shi ke nan, ga shi na samu, ba ta hanyar da na roƙa ba.

Matan unguwa sun ji labari, in ɗayarsu za ta sayi gyararriyar waya ko rediyo ko fitilar caji sai ta biyo ta wurina. Ba na son maganar, amma ina faɗa musu. Nakan ce su sayi abu wurin mai rumfa, wanda in an dawo gobe za a taras da shi zaune, ko da ya ɗan fi tsada. Su buɗe baya su ga batir, su ga tana shan caji da idonsu, su kira su ji ana jinsu suna ji. Su yi magana a kan kwana nawa za su iya maidowa in ta ƙi, tun kuɗi na hannunsu. Su tafi da shaida wanda ya san mutane. Su karɓi takarda mai lambar jikin wayar da sunan mai sayarwa, ko ba su iya karatu ba, su sa ta ƙasan akwati, akwai ranar da wani zai karanta. In kuwa sun taras da kayan wani a ciki, hoto ko murya ko sunayen mutane, kada su ce a share, kada su ce a bari. Su aje ta bisa buhun su yi gaba. Wata ta tambaye ni, to da na yarda an wanke ta fa, ai da ba abin da ya faru. Na ce haka ne, da surukina na gonarsa. Da kuma wata mata a ƙasar Rabah ba ta sake jin dariyar mijinta ba. Na auna su biyun har na gaji, ban san wanda ya fi nauyi ba.

Taubashina ya koma zagina, ya ce in na tashi sayen jirgin sama in neme shi. Ban sake sayen akuya ja ba. Surar nan kuwa tana cikin 'yan kaɗan da na iya, da ita nake sallah tun ina yarinya. Yanzu in na kai aya ta huɗu sai harshena ya tsaya, in ɗan jira, sannan in ci gaba.